Daga Taka Keke Zuwa Yanka Yadi: Yadda Ake Koyon Ɗinki a Ƙungiyar Matasan Unguwa

Duk wanda ya taɓa zaman jiran kayansa a shagon tela ya ga yaron nan da ke rakuɓe a kusurwa. Shi ke hura gawayin dutsen guga, shi ake aika sayo zare da zif, shi ke share ƙyallaye idan an tashi. Zai yi wata shida, wani har shekara, bai taɓa ɗora almakashi a kan yadi ba. Ba na ɗora wa maigidansa dukkan laifin. Keken da ke shagon na neman abinci ne, yadin da ke kan tebur na mutane ne, in yaro ya ɓata shadda maigida ne zai biya. Ita kuwa yarinya, sau da yawa ko kusurwar ma ba ta samu, domin iyaye da dama ba za su yarda 'yarsu ta yini a shagon bakin titi ba.

Abin da ya sa na riƙe koyon ɗinki a ƙungiyance ke nan. A ajin ƙungiya keken na koyo ne, ƙyallen na ɓatawa ne, kuma kowa yana da lokacinsa a rubuce. Na daɗe ina taimakawa wajen tafiyar da irin wannan aji a unguwarmu, kuma tsarin da na ga yana fitar da tela shi zan shimfiɗa, haɗe da wuraren da na ga ana tuntuɓe.

Kafin a sayi ko allura

Ku fara da manya. Ku je ku gaida mai unguwa da limamin masallacinku, ku faɗa musu abin da kuke nufi, sannan ku bi iyayen duk wanda zai shiga gida-gida. Wannan gaisuwar ita ke samo muku ɗaki, ko zauren wani dattijo ko ajin Islamiyya a lokacin da babu karatu, ita ce kuma za ta tsaya muku ranar da aka fara ƙananan maganganu. Ɗakin ya kasance da haske, da daɓe mai kyau don kada keke ya riƙa rawa, da ƙofa mai kwaɗo. A ware ranakun mata da na maza, a sama wa mata malama, tunda awo sai an kusanci jiki.

Wajen zaɓen malami kada ku nufi telan da ya fi suna a gari, ba shi da lokacinku. Ku nemi wanda zai nuna abu sau biyar bai yi tsaki ba. Ku yanka masa wani abu duk wata ko yaya yake. Aikin taimako zalla yakan yi zafi wata biyu, da azumi ya kama aiki ya yi wa malam yawa, sai aji ya mutu ba wanda zai iya tambayarsa.

Kowane ɗalibi ya riƙa ba da ɗan kuɗin mako, ko da na zare da man keke ne. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma a karanta littafin a gaban kowa duk ƙarshen wata. Na ga ƙungiya mai keke biyar ta watse saboda zargi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Keke 1 ya ishi mutum 3, kada ya wuce 4. In zaman na awa 2 ne, kowa zai hau minti 30 zuwa 40, sauran kuma suna kan guga, awo ko ɗinkin hannu. A manna jadawalin a bango. In ba haka ba masu baki za su mamaye keke, mai kunya ta koma gida ba ta taka ba, bayan mako uku ta daina zuwa.

Kayan aiki

Baƙin keken ƙafa da aka sani, Butterfly ko tsohon Singer, shi ne na koyo. Babban keken wuta irin su Juki gudunsa ya fi ƙarfin sabon hannu, ga kuma halin wutar lantarki. In na hannu za ku saya, ku tafi da mai gyaran keke da ƙyalle iri biyu, mai kauri da marar kauri. A ɗinka a gabanku, ku juya ku dubi ƙasan ɗinkin, ku saurari ƙararsa. Keke mai lafiya tafiyarsa ɗaya ce, ba ya ƙwanƙwasa.

Sai babban almakashi na yadi kaɗai. Ku ɗaura masa jan ƙyalle a mariƙi, kowa ya san ba a yanka takarda da shi, don takarda tana dakushe shi da wuri. Ku tanadi wani na takarda, da ƙarami na datse zare, da tef na awo mai inci 60, da alli, da doguwar rula, da fil, da abin farke ɗinki, da dutsen guga. Allura lamba 14 ita ce ta atamfa da yadin yau da kullum, 11 ta yadi marar kauri, 16 ta mai kauri. Man keke kawai ake ɗiga wa keke. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, baƙin mai kuma ya ɓata kayan mutane.

Ƙyallen koyo ba sai an saya da tsada ba. Ku bi shagunan teloli ku roƙi abin da suke sharewa, ku tattara tsofaffin zannuwan gado daga gidaje. Wanda yake kusa da babbar kasuwar yadi irin Kantin Kwari ta Kano ya tambayi guntayen da suka rage a ƙarshen bandir. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida su ma a ajiye, za su yi rana.

Mako biyun farko: hannu da ƙafa

Mako na farko babu mai hawa keke. A koyi zura zare a allura, ƙulli, dogon ɗinkin riƙo da ake cirewa daga baya, kalmasa da hannu, da ɗinka maɓalli. Samari sukan raina wannan, su ce keke suka zo koya. A gaya musu cewa telan da bai iya sa maɓalli ba, kwastoma zai gane shi tun ranar da ya fara sa rigar.

Mako na biyu a hau keke babu zare, babu allura, a ɗaga ɗan ƙarfen nan mai danne yadi, wanda teloli ke kira futa. Hannun dama ya juyo ƙaramin wili zuwa wajen mai ɗinki, ƙafa ta karɓa ta ci gaba. Abin da ake nema shi ne kada wilin ya koma baya, don da zare a ciki komawa bayan nan ita ke cukurkuɗe shi. Sai mutum ya iya tayarwa, ya rage gudu, ya tsayar, bai kalli ƙafarsa ba, sannan a sa masa allura.

Daga nan sai takarda. A ba shi shafin littafin rubutu ya bi layukan da allura babu zare. In ya gama ya ɗaga takardar wajen haske, hujojin za su gaya masa gaskiya ba sai malam ya yi magana ba. Bayan miƙaƙƙen layi sai kwana: a tsaya allura tana cikin takarda, a ɗaga futa, a juya, a sauke, a ci gaba. Sai kuma zagaye irin na bayan katantanwa. Abu biyu malam zai yi ta nanatawa a nan. Ido yana kan gefen futa, ba ya bin allura tana hawa da sauka. Hannu kuma ba ya jan kaya, haƙoran keke ke ja, aikin hannu saiti ne kawai. Allurar da ta sha takarda ta dakushe, a ware ta kada a kai ta kan yadi.

Zare da halayen keke

A nan na fi so a daɗe, domin telan da bai san kekensa ba rabin ribarsa na mai gyara ne. Allurar irin wannan keke tana da gefe ɗaya shafaffe. A baƙin Butterfly shafaffen gefen yana kallon dama, wajen wili, zare kuma yana shiga daga hagu zuwa dama. A tura allurar sama har ta tuƙe kafin a ɗaure. Duk lokacin da za a zura zaren sama, futa ya kasance a ɗage, don a lokacin ne faifan da ke matse zare suke buɗe, zaren ya zauna a tsakaninsu. A naɗa kwarkwaro, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa, daidai ba tudu ba kwari, a sa shi a gidansa, a juya wili sau ɗaya a jawo zaren ƙasa. Kafin a fara taka, a riƙe wutsiyoyin zaren biyu ta baya. Farkon ɗinki da ƙarshensa a koma baya kaɗan a ƙulle.

Kowane ɗalibi ya cire zare ya mayar sau goma a rana ɗaya, har hannunsa ya haddace hanyar.

Cututtukan keke ba su da yawa. In zare ya taru a ƙasan yadi kamar sheƙar tsuntsu, kowa yakan kai hannu ga kwarkwaro, alhali mafi yawanci zaren sama ne bai zauna a mazauninsa ba ko ya yi sako-sako. A zare shi duka a sake. In ɗinki yana tsallake, allura ce ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye. In zaren sama yana yawan tsinkewa, ko an matse shi da yawa, ko zaren ne ya tsufa. In yadi yana tattarewa a bakin ɗinki, a sassauta. Ɗan sukurun da ke jikin gidan kwarkwaro kuwa a bar wa malam. Duk ƙarshen mako a buɗe ƙarƙashin haƙora a share ƙurar zare, a ɗiga mai, sannan a yi ɗinki a tsumma har man ya daina fita.

Farke

Babu darasin da ya kai wannan nauyi a zuciyar mai koyo. Akwai wata yarinya da aka ce ta farke rigar filo karo na uku, ta kifa kai a kan keke tana kuka. Malamarsu ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma ce to bar shi haka ba. Ta jawo kujera ta ce, “Taho 'yata, ke ki kama can, ni in kama nan.” Suka farke tare, suna yi tana nuna mata inda layin ya fara kaucewa da dalilin kaucewar. Karo na huɗu ya miƙe. Tun daga ranar na lura yarinyar ba ta jira a ce mata, da ta ga ɗinki ya karkace ita ke ɗauko abin farke da kanta.

Wannan ne ƙungiya take iya bayarwa wanda bidiyon waya ba ya bayarwa. Saboda haka muka sa doka: ba a yi wa aikin kowa dariya. Kowane mako a ware minti 15, a shimfiɗa ayyuka a kan tebur, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau a aikin ɗan'uwansa kafin ya faɗi abu ɗaya da za a gyara. Yaron da ba ya iya ɗaga ido a gaban mutane, a irin wannan zama yake koyon magana, mai saurin fushi kuma ya koyi karɓar gyara daga na ƙasa da shi.

Abin da za a fara ɗinkawa ya bi daki-daki: kalmasar ɗankwali, rigar filo, jakar littattafan Islamiyya, siket mai roba ko wandon yara mai mazagi, hijabi, sannan jamfar yaro. Zif, hannu, aljihu da wuya su zo a ƙarshe, kuma a yi su a ƙyalle sau da yawa kafin a kai su jikin riga. A wuya da bakin aljihun kaftani ake gane hannun tela.

Awo

Wanda ake aunawa ya tsaya yadda ya saba, kada ya shanye ciki. Tef ya kwanta a jiki bai matse ba, yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa. Na riga a ɗauki kafaɗa, ƙirji, ƙugu, wuya, tsawon hannu da faɗinsa, da tsawon riga. Na wando a ɗauki ƙugu, cinya, tsawo da bakin ƙafa. A rubuta kowane ɗaya nan take, kada a ce za a riƙe a ka.

Ga lissafin da ke rikita sababbi. Tunda ana ninka yadi ne a yanka, awon da ya zagaye jiki ana raba shi gida 4. Ƙirji mai inci 36 ya zama 9. A ƙara inci 1 na sakewa, a ƙara rabin inci na ɗinki, alli ya sauka a kan 10 da rabi. Jamfar maza tana son sakewa fiye da haka. Kafaɗa kuwa gida 2 ake raba ta, mai 16 ta zama 8.

Kada malam ya ɗauka kowa ya iya karanta tef. A cikin ɗalibai akwai waɗanda suka bar makaranta da wuri, kuma kunya ba za ta bari su faɗa ba. A ware zama guda a nuna wa kowa da kowa cewa tsakanin inci da inci gida 8 ne, ga rabi, ga kwata, ga uku bisa huɗu. Na ga samarin da suka guji lissafi a makaranta suna raba 38 gida 4 a ka bayan wata biyu, saboda yanzu sun san abin da za su yi da amsar.

Yanka

Ɗinki in ya ɓaci ana farkewa, yanka ba ya komawa. Don haka a fara zana rigar a takardar siminti, a yanka, a gwada a tsohon zanin gado, sannan a taɓa sabon yadi. Yadi 1 inci 36 ne, turmin atamfa yadi 6, kuma ya kamata ɗalibi ya auna abin da aka kawo masa a gaban mai shi. Takardar tambarin da ke manne a atamfa ba a ɓanɓare ta da farce, a ɗora dutsen guga mai zafi ta bayanta, gam ɗin zai saki. Yadin auduga marar sheƙi yakan tsuke bayan wanki, a jiƙa shi ya bushe kafin yanka. Shadda kuwa kada a kai ta ruwa, sheƙinta ake saye.

Tsawon riga ya bi tsawon yadi, wato ya tafi tare da saƙaƙƙen bakinsa, in ba haka ba rigar za ta murɗe a jiki. A dubi zanen atamfa da kyau kada furen gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa. A shimfiɗa dukkan sassan, gaba, baya, hannuwa, wuya, a tabbatar yadin ya isa kafin a datsa ko ɗaya. Dokarmu ita ce ba mai ɗaukar almakashi sai wani ya sake auna allin da ya ja. Lokacin yanka ƙasan almakashi yana kan tebur, ba a ɗaga yadi sama.

Kowane ɗinki aka gama a goge shi kafin a haɗa da na gaba. Guga a ƙarshe kaɗai ba ta kwantar da riga.

Kayan mutane

Wajen wata na shida ɗalibai za su fara karɓar aiki: gyaran wando, rage riga, kayan ƙanne, in an dace kuma yunifom ɗin wata Islamiyya da ƙungiya za ta karɓa a raba. A buɗe littafi. Kowane aiki da sunan mai shi, awonsa, ɗan ƙyallen yadinsa a manne, kafin alƙalamin da ya bayar, da ranar karɓa. Wajen yanka farashi a lissafa zare, zif, roba, maɓalli, gawayi da lokacin da aikin zai ci, a ware kason keke don gyara. Mai koyo yakan ji kunyar faɗin kuɗi, musamman ga 'yan'uwa, shi ya sa ya kamata a gwada cinikin a aji, wani ya zama kwastoma mai neman ragi. Ragowar yadi kuwa na mai shi ne, ko tafin hannu ne a naɗe a sa masa a leda.

Sai alkawari. Kowa ya san sunan da teloli suka yi a kan ɗinkin Sallah, mu ma ba mu tsira ba. Wata shekara muka karɓi kayan yara fiye da ƙarfinmu don ba ma son mayar da kowa. Daren Sallah wata uwa ta zauna a ƙofar ajin har bayan isha'i, ɗanta yana barci a cinyarta, kayansa ko yankawa ba a yi ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta karɓi yadinta ta tafi. Har yau ina jin nauyin wannan dare. Tun daga nan muke zama kafin azumi: kaya nawa kowa yake gamawa a rana, kwana nawa suka rage, a cire kashi ɗaya bisa uku saboda rashin lafiya, lalacewar keke da gajiyar azumi. Abin da ya rage shi za a karɓa, da ya cika a rufe. Ana koya wa ɗalibi ya ce, “Baba, ki yi haƙuri, ba zan iya gamawa kafin Sallah ba,” kamar yadda ake koya masa sa zif. Alkawari kaya ne.

Yaye da abin da ke biyo baya

Tsakanin wata 9 da shekara guda mai zuwa a kai a kai ya isa yaye. Gwajin mai sauƙin faɗa ne: a ba shi mutum da yadi da safe, ya auna, ya yanka, ya ɗinka, ya goge, mutumin ya sa kafin magariba. A gayyaci iyaye da mai unguwa ranar yaye, kowane ɗalibi ya sa abin da ya ɗinka da hannunsa.

Maganar mallakar keke kada a bar ta sai ranar. Tun daga lokacin da aka fara karɓar aiki a kafa adashi, duk wanda ya kwasa a raka shi kasuwa a sayo keke, kada kuɗin ya kwana a gida. Mai son takardar shaida ya nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake hawa daga mataki na 3 zuwa na 2 zuwa na 1, ko jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha ta ƙasa. Hukumomin gwamnatin tarayya irin su NDE mai samar da ayyukan yi, ITF mai horar da sana'o'i da SMEDAN mai tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i sukan buɗe shirye-shiryen horo da tallafi, kuma ƙungiyar da ke da rajista da littafin kuɗi a tsare ta fi saurin shiga. Shugabanni su je ofisoshin da ƙafarsu su tambaya, kada su ba ɗan tsakiya ko sisi.

Ajin ƙungiya ba ya koyar da komai. Wanda yake son surfani, ko aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, ko ɗinkin amare, sai ya koma wurin gwani. Shugabannin ƙungiya su kai shi da kansu, ya riƙe kaya biyu ko uku da ya ɗinka, a yi magana a kan tsawon zaman da abin da za a koya masa. Maigidan da ya juya wuyan jamfa ya ga aikin ya kwanta ba zai ajiye shi wajen hura gawayi ba.

Sharaɗi ɗaya muke gindaya wa duk wanda aka yaye: zai riƙa dawowa rana ɗaya a mako har wata uku, ya zauna kusa da sababbin da ke bin layin takarda, ya riƙe musu wili har ƙafarsu ta saba.